An Sauke Shi Daga Kujera, Ba a Kore Shi Daga Gida Ba: Makomar Tsohon Shel Bayan Sabunta Kwamfuta

A ranar 7 ga Oktoba, 2019, kamfanin Apple ya fitar da macOS Catalina, sabuwar sigar babbar manhajar da ke gudanar da kwamfutocinsa. Waɗanda suka sabunta na'urorinsu, suka buɗe tagar Terminal inda ake rubuta wa kwamfuta umarni kai tsaye, sun ci karo da wata 'yar gajeriyar sanarwa. Sanarwar tana cewa daga yanzu zsh ne shel ɗin da kamfanin ya ɗora a gaba, kuma duk mai son komawa gare shi ga umarnin da zai rubuta. Da wannan aka kawo ƙarshen shekara 16 da bash ya yi yana riƙe da matsayin, tun fitowar sigar Panther a 2003.

Tambayar da ta taso a lokacin ita ce wadda ke tasowa duk sa'ad da wani babban kamfani ya sauya irin wannan kayan aiki: shin tsohon zai ci gaba da samuwa, ko kuwa wata rana za a wayi gari a tarar an share shi? A zahiri tarihi ya ba da amsa mai kwantar da hankali. Bash yana nan a mazauninsa na /bin/bash cikin sigogin macOS da suka biyo bayan Catalina. Hatta tcsh, wanda bash ɗin ya gada a 2003, ya ci gaba da zuwa tare da kwamfutocin Apple fiye da shekara 20 bayan an sauke shi. A ɓangaren Windows kuma, cmd.exe da aka yi ta yi wa ta'aziyya a ƙarshen 2016 yana nan daram.

Sai dai wannan amsa, duk da cewa gaskiya ce, ita ce ke sa mutane yin sakaci. Akwai tazara mai faɗi tsakanin a ce abu yana nan da a ce ana kula da shi, sannan akwai wata tazarar tsakanin a ce ana kula da shi yau da a ce an yi alkawarin barinsa gobe. Kamfanonin da suka bar tsofaffin shel a cikin manhajojinsu sun yi daidai. Ma'aikatar da ta ɗora muhimmin aikinta a kan tsohon shel don kawai ta leƙa ta gan shi kuwa, ta ɗauki shirun kamfani a matsayin alkawari, alhali ba wanda ya yi mata shi.

Tafinta tsakanin mutum da na'ura

Shel manhaja ce da ke tsayawa tsakanin mutum da zuciyar babbar manhaja, kamar yadda tafinta ke tsayawa tsakanin mutum biyu da ba sa jin harshen juna. Mutum ya rubuta umarni, shel ya warware ma'anarsa, ya nemo manhajar da za ta aiwatar, ya miƙa mata aikin, ya dawo da sakamako. Wanda ya zama kakan mafi yawansu shi ne wanda Stephen Bourne ya rubuta a cibiyar bincike ta Bell Labs a Amurka, ya fito tare da Unix siga ta bakwai a 1979. Bayan shekara goma, a 1989, Brian Fox ya rubuta bash domin shirin GNU, don a samu madadin da kowa zai iya karantawa, ya gyara, ya rarraba. Shekara ɗaya bayan haka Paul Falstad, yana ɗalibi a Jami'ar Princeton, ya fitar da zsh. Wato sabon da Apple ya ɗauko a 2019 ƙanin bash ne da shekara ɗaya tak. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa ba tsufa ne ya sa aka sauke bash ba.

Shel yana yin aiki iri biyu, kuma rashin bambance su shi ne tushen mafi yawan ruɗanin. Na farko shi ne hira kai tsaye: mutum yana zaune gaban allo, yana rubutawa, ana ba shi amsa. Idan aka sauya shel a wannan fage, abin da zai faru bai wuce 'yar damuwa ta kwana biyu ba. Mutum zai lura cewa zsh ba ya karanta fayilolin .bash_profile da .bashrc, don haka gajerun laƙabobin da ya ƙirƙira wa umarninsa sun ɓace, wasu manhajojin kuma ba a ganin su har sai ya kwashe saitunansa zuwa .zshrc ko .zprofile. Zai yi gunaguni, ya gyara, ya saba.

Aiki na biyu shi ne gudanar da rubutattun umarni, wato fayil da aka jera umarni goma ko ɗari a cikinsa domin kwamfuta ta aiwatar da kanta ba tare da kowa ya tsaya a kai ba. Irin waɗannan fayiloli ne ke kwafe bayanan marasa lafiya zuwa ma'ajiya da tsakar dare a asibiti, su ne ke tura fayilolin lissafi daga reshe zuwa hedikwata, su ne ke shirya sabuwar kwamfuta kafin a miƙa wa sabon ma'aikaci. Sau da yawa wanda ya rubuta su ya daɗe da barin wurin. Ba sa yin ƙara idan suna aiki, kuma abin da ya fi haɗari, wani lokaci ba sa yin ƙara idan sun daina. A nan ne tambayar ko tsohon shel zai ɗore take da nauyi na gaske, domin kwafin ajiyar da ya daina gudana watanni uku da suka wuce ba a gane shi sai ranar da aka buƙace shi.

Apple: tsohon da aka daskarar

Bash ɗin da ke cikin macOS siga ta 3.2 ce. An fitar da wannan siga a Oktoba 2006, ta shiga kwamfutocin Apple tare da Leopard a 2007, kuma daga nan ba ta ƙara matsawa gaba ba sai 'yan gyare-gyare da suka kai ta 3.2.57. A waje kuwa, Chet Ramey, wanda ya daɗe yana kula da bash, ya fitar da siga ta 4.0 a 2009, da ta 5.0 a farkon 2019. Ke nan ranar da Catalina ta fito, bash ɗin da ke ciki ya riga ya kai shekara 13, kuma manyan sigogi biyu sun wuce shi.

Dalilin yana cikin lasisi. A watan Yunin 2007 Gidauniyar Manhajoji 'Yantattu ta fitar da siga ta uku ta lasisinta na GPL, kuma bash 4.0 ya fito ne a ƙarƙashinta. Wannan siga ta zo da sharuɗɗa biyu da kamfanoni irin Apple ba sa maraba da su. Ɗaya yana tilasta wa mai sayar da na'ura ga jama'a ya ba mai saye hanyar ɗora gyararriyar sigar manhajar a kan na'urar. Ɗayan kuma ya shafi haƙƙin mallakar ƙirƙira, inda mai rarraba manhajar yake yafe wa masu karɓa wani ɓangare na ikonsa na kai ƙara. Wanda ya bi sawun abin da Apple ya yi tun daga lokacin zai ga tsari guda: ya tsaya a kan GCC 4.2 ya koma ga Clang, ya cire Samba a sigar Lion ta 2011 ya rubuta nasa madadin, ya bar bash a 3.2, wadda ita ce siga ta ƙarshe a ƙarƙashin tsohon lasisin. Shi kuwa zsh lasisinsa mai sassauci ne, irin na MIT, ba ya ɗora wa kamfani wani nauyi.

Yadda Apple ya yi sauyin abin yabo ne. Asusun da aka buɗe kafin Catalina ya ci gaba da amfani da bash, sababbin asusu ne kawai suka fara da zsh. Wanda yake son komawa baya yana iya yi da umarni ɗaya na chsh, kuma wanda sanarwar ta dame shi akwai saitin da ke kashe ta. Ba a karya wa kowa aikinsa a rana ɗaya ba.

Amma a duba abin da zama a 3.2 yake nufi a aikace. Ma'aikacin da ya rubuta fayil a kan kwamfutar Linux, inda bash na zamani yake, zai iya amfani da jerin da ake kiran abubuwan cikinsa da suna maimakon lamba, ko umarnin mapfile da ke karanta layukan fayil zuwa cikin jeri. Duka biyun sun zo ne da siga ta 4.0. Idan abokin aikinsa ya ɗauki fayil ɗin zuwa Mac, zai tarar da bash, sunansa daidai, mazauninsa daidai, amma bai san waɗannan abubuwa ba. Idan kuma ya ce bari ya gudanar da fayil ɗin da zsh tunda shi ne sabo, zai faɗa wani ramin: bash yana fara ƙirga abubuwan cikin jeri daga sifili, zsh kuma daga ɗaya. Irin wannan bambanci ba lallai ya tsayar da aikin ba. Yana iya barinsa ya gudana har ƙarshe, ya ɗauko abu na farko a inda ake nufin na biyu.

Ba za a ce Apple ya yi watsi da tsohon gaba ɗaya ba. A watan Satumba 2014, lokacin da aka bayyana ɓarakar da aka yi wa laƙabi da Shellshock, wadda Stéphane Chazelas ya gano, kuma ta yi kusan shekara 25 a ɓoye cikin bash, Apple ya fitar da faci cikin 'yan kwanaki. Matsayin bash a macOS ke nan: idan rufin ya tsage za a toshe, amma ba za a ƙara masa ɗaki ba.

Sannan akwai darasin maƙwabta. A bayanan da suka raka Catalina, Apple ya sanar da cewa yana barin harsunan Python da Ruby da Perl ne kawai saboda tsofaffin manhajoji, kuma sigogi masu zuwa ba za su zo da su ba. Bai faɗi rana ba. Shekara biyu da 'yan watanni suka wuce, mutane da yawa suka manta. Sai PHP ya ɓace da fitowar Monterey a 2021, sannan a watan Maris 2022 aka cire Python 2.7 a siga ta 12.3. Abin lura shi ne wannan ba babbar sabuntawa ta shekara-shekara ba ce da ma'aikatu ke yin shiri dominta. Ƙaramar sabuntawa ce ta tsakiyar shekara, irin wadda mutum ke amincewa da ita yana shan shayi. Manhajoji da rubutattun umarni masu yawa da suka dogara da /usr/bin/python suka tsaya a ranar. Perl da Ruby kuwa, da aka ambata a cikin gargaɗi ɗaya, suka ci gaba da zama. 

Microsoft: wanda ya tsira da wanda bai tsira ba

A watan Nuwamba 2016, wata sigar gwaji ta Windows 10 ta sauya abin da ke bayyana a jerin zaɓin da ke fitowa idan aka danna maɓallin Windows da X: PowerShell ya maye gurbin cmd.exe. Wasu kafofin labarai suka ɗauka da zafi, suka ce an kashe tsohon. A farkon 2017 Microsoft ya fito ya ƙaryata, kuma hujjar da ya kawo ita ce mafi muhimmanci a cikin wannan batu duka. Ya bayyana cewa babban ɓangare na tsarin da ke haɗa Windows kanta da gwada ta an gina shi ne da rubutattun umarnin cmd da suka taru cikin shekaru masu yawa. Wato idan aka cire shi, kamfanin ba zai iya gina manhajarsa ba.

Wannan ne sirrin ɗorewar cmd.exe, wanda ya zo da Windows NT tun 1993. Mai gidan da kansa yana zaune a kan reshen, don haka ba zai sare shi ba. Kuma saboda wannan dalili ne ba a ƙara masa komai na a zo a gani, tunda ko ƙaramin sauyi a halayyarsa yana iya karya fayilolin da ba wanda ya san adadinsu.

Wasu ba su yi wannan sa'ar ba. COMMAND.COM, tafintan zamanin DOS tun 1981, ya rayu shekaru a cikin Windows mai bit 32 ta hanyar wani ɗan ɗaki da aka keɓe wa tsofaffin manhajoji. Windows mai bit 64 ba ta da wannan ɗaki, kuma Windows 11 da ta fito a 2021 ba ta da sigar bit 32 ko kaɗan. Ba a yi wata sanarwa ta musamman game da COMMAND.COM ba. Ƙasar da yake tsaye a kai aka janye.

Labarin PowerShell 2.0 ya fi wannan fitowa fili. Ya zo da Windows 7 a 2009, aka ayyana shi a matsayin wanda aka daina bunƙasawa a 2017, amma aka bar shi a matsayin zaɓi na tsawon shekara takwas. A 2025 aka cire shi daga Windows 11 da Windows Server 2025. Dalilin tsaro ne. Sigogin baya-bayan nan suna rubuta tarihin umarnin da aka gudanar, suna kuma miƙa shi ga manhajar kariya ta duba kafin a aiwatar. Siga ta 2.0 ba ta yin ko ɗaya, don haka masu kutse suka koyi kiran ta da gangan domin su yi aikinsu ba tare da barin sawu ba. Tsohuwar ƙofa ce da ba mai gadi, kuma ta fi amfanar ɓarawo a kan mai gida.

Yau a Windows akwai tafintoci uku a gida ɗaya: cmd.exe da aka daskarar, Windows PowerShell 5.1 da ke zuwa tare da babbar manhajar amma aka daina ƙara masa sababbin abubuwa, da PowerShell 7 wanda ya fito a 2020, ake ɗora shi daban, yana zaune gefe da gefe da 5.1 da sunan pwsh. Duk ukun suna nan, amma ɗaya ne kawai yake girma.

Suna ɗaya, mutum daban

Akwai nau'i na uku na sauyi, kuma shi ne mafi wuyar ganewa. A Oktoba 2006, Ubuntu 6.10 ta sauya abin da sunan /bin/sh yake nunawa, daga bash zuwa wani ƙaramin shel mai sauri da ake kira dash, domin rage lokacin da kwamfuta ke ɗauka kafin ta tashi. Debian ta bi sahu a siga ta 6.0 a 2011. Ba a cire bash ba, kuma shi ne ya ci gaba da zama abokin hirar mai amfani. Duk da haka rubutattun umarni masu yawa suka lalace.

Abin da ya faru shi ne, kowane irin wannan fayil yana farawa da layi mai alamomin #! wanda ke faɗin tafintan da ake so ya karanta shi. Shekaru da dama mutane suna rubuta /bin/sh a wannan layi, wanda ke nufin a kira kowane shel mai bin ƙa'idar POSIX, sannan a cikin fayil ɗin su yi amfani da salon da bash kaɗai ya sani. Muddin bash ne ke amsa sunan sh, ba wanda ya lura. Ranar da dash ya fara amsawa, sai asirin ya tonu. Masu Ubuntu sun sha suka, amma suka tsaya a kan bakansu cewa fayilolin ne suka faɗi abin da ba haka ba game da kansu. Gaskiya tana tare da su, ko da yake wanda aikinsa ya tsaya a ranar ba zai ga wannan a matsayin ta'aziyya ba. Apple ma ya tanadi irin wannan hanya: tun daga Catalina, /bin/sh yana duba wani saiti ne domin sanin wanda zai kira, kuma dash yana cikin waɗanda aka shigo da su.

Abin da ke yanke hukunci

Idan aka jera waɗannan misalai, ana ganin ma'auni ɗaya. Tsohon kayan aiki yana zama ne muddin asarar cire shi ta fi asarar barinsa, kuma kamfanin ne ke yin lissafin, da nasa littafin. Cmd.exe ya tsira domin Microsoft yana buƙatarsa. PowerShell 2.0 ya tafi domin ya zama kafar kutse. Python 2.7 ya tafi bayan masu shi sun daina kula da shi a farkon 2020. COMMAND.COM ya tafi domin ginin na'urori ya sauya. A cikin waɗannan hukunce-hukunce ba inda aka tambayi wata ƙaramar ma'aikata ko fayil ɗinta na tsakar dare ya shirya.

Akwai masu cewa da tsohuwar zuma ake magani: abin da ya yi shekara 15 yana aiki ba tare da sauyi ba ya fi abin da ake taɓawa kowane wata amana. A wannan magana akwai gaskiya. Daskarewar bash 3.2 tana nufin fayil ɗin da aka rubuta masa a 2008 zai yi abin da ya saba yi a yau, kuma wannan daraja ce da ba a samu a ko'ina ba. Amma wannan kwanciyar hankali tana da iyaka biyu. Na farko, duniyar da ke kewaye da shel ɗin ba ta daskare tare da shi ba: umarnin da fayil ɗin ke kira, da wuraren da yake rubutu a ciki, duk suna sauyawa. Tun daga El Capitan a 2015 Apple ya hana taɓa manyan manyan manhajojin tsarin, a Catalina kuma ya mayar da ɓangaren tsarin wurin karatu kawai, don haka fayil ɗin da ya saba ajiye abu a can ya daina aiki ko da bash bai motsa ba. Na biyu, daskarewar ba yarjejeniya ba ce. Hali ne da ya ɗore, kuma hali yana iya sauyawa a siga mai lamba irin 12.3.

Akwai kuma masu ra'ayin da ya saɓa wa wannan, waɗanda ke cewa gara kamfanoni su cire tsohon nan take, domin barinsa yana raya sakaci. Wannan ra'ayi ya manta da wanda zai biya kuɗin. Babban kamfani mai sashen fasaha zai gwada komai kafin sabuntawa. Ƙaramin asibiti, ko ofishin lauya, ko sashen jami'a mai ma'aikacin kwamfuta ɗaya, shi ne zai wayi gari da aiki a tsaye. Barin tsohon da sauya na gaba kawai, kamar yadda Apple ya yi a 2019 da Microsoft a 2017, shi ne adalci.

Inda kamfanonin suka gaza shi ne wajen faɗin rana. Kalmar nan da suke amfani da ita, cewa an daina bunƙasa abu kuma za a iya cire shi nan gaba, ta rufe shekara biyu da rabi a batun Python 2.7, da shekara takwas a batun PowerShell 2.0. Gargaɗin da ke iya nufin baɗi ko kuma bayan ƙarni ɗaya na ma'aikata ba ya taimaka wa mai tsara kasafi. Ya ma fi muni, yana koya wa mutane su daina sauraro. Masu kula da Python sun nuna yadda ya kamata a yi: sun sanar da shekarar 2020 tun 2014, kowa ya san ranar, wanda ya makara ya san kansa ya yi wa. Haƙƙin mai saye ne a faɗa masa shekara, kuma kada a cire tafinta sai a babbar sabuntawa.

Nauyin da ke kan mai amfani

Kafin kamfanoni su gyara halinsu, sauran aikin yana kan ma'aikatu, kuma ba shi da tsada. Mataki na farko shi ne ƙidaya: a san duk wani rubutaccen umarni da ke gudana da kansa, a wace na'ura, da wane tafinta, kuma wa ya san abin da ke cikinsa. Wurare da yawa ba su da wannan jeri, kuma rubuta shi aikin yini biyu ne.

Na biyu shi ne kowane fayil ya faɗi gaskiya a layinsa na farko. Idan salon bash yake amfani da shi, ya kira bash da sunansa. Idan ana so ya gudana a ko'ina, a rubuta shi bisa ƙa'idar POSIX zalla, a gwada shi da dash. Akwai manhajoji na kyauta irin su ShellCheck da checkbashisms da ke nuna inda fayil ya kauce. Idan yana buƙatar siga ta 4 ko sama, ya duba lambar sigar tun a farko, ya tsaya da saƙo bayyananne idan bai same ta ba. Tsayawa da ƙara ta fi ci gaba da kuskure a ɓoye.

Na uku shi ne a daina dogaro da kayan aro. Bash ɗin da ke /bin/bash na Apple ne, an ajiye shi ne domin buƙatun Apple. Ma'aikatar da aikinta ya rataya a kan bash ta ɗora nata, ta hanyar Homebrew ko MacPorts, a wurin da sabunta babbar manhaja ba ya sharewa, ta kuma san sigar da take amfani da ita. Haka ma PowerShell 7 a Windows. Da wannan, ranar sauyi tana komawa hannun ma'aikatar.

Na huɗu shi ne karanta bayanan da ke raka kowace sabuntawa, musamman sashen abubuwan da aka daina bunƙasawa da waɗanda aka cire, sannan a gwada sabuntawar a kan na'ura ɗaya kafin a sake ta ga sauran. Python 2.7 da PowerShell 2.0, da suka ɓace a misalan da ke sama, an rubuta gargaɗinsu a irin wannan shafi shekaru kafin ranar. Kuma kowane aikin tsakar dare ya kasance yana aiko da shaida idan ya kammala, domin rashin zuwan shaidar ya zama ƙararrawa.

Ga mutum ɗaya da ke zaune gaban allonsa, wanda yatsunsa suka saba da bash ko cmd, ba abin da zai sa ya yi gaggawa. Ya ci gaba da abin da ya iya, ya koyi sabon a hankali. Sabo yana zama turken wawa ne kawai idan aka ɗaure dukiyar jama'a a jikinsa. Ga shugaban sashe da ke da alhakin bayanan wasu kuwa, tambayar ko tsohon shel zai tsira a sabuntawa mai zuwa ba ita ce ta fi muhimmanci ba, domin amsarta galibi e ce, har zuwa ranar da za ta zama a'a. Tambayar da ta kamata ya iya amsawa ita ce: idan aka cire shi a daren yau, waɗanne ayyuka ne za su tsaya, kuma wa zai fara sani?